Baƙon Da Aka Damƙa Wa Hatimi

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Na'ibawa, Kano, lokacin dogon hutu



Sa'ad da aka shaida mini cewa ni zan yi magana a wannan zama, sai da na roƙa a nemi wani, domin kuwa ni ɗalibi ne, ban taɓa riƙe ofis ba, ban kuma taɓa sa hannu na karɓi albashi ba. Amma da aka gaya mini abin da ake so a tattauna, watau halin da ma'aikacin mulki na jami'a kan shiga idan aiki ya kai shi garin da ba nasa ba, sai na amsa, saboda abin ya faru a gidanmu, a nan Na'ibawa, ina ji ina gani. Idan na yi kuskure, manya su gyara mini.

Batun ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Iyayen da yawa daga cikinmu a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka yi aiki, waɗansu a majemu, waɗansu a masaƙu, waɗansu a kamfanonin robobi da na alewa da na man gyaɗa. A zamaninsu, yaron da ya gama sakandare ya iya rubutu da lissafi yakan sami kujerar akawu a ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba tare da ya bar Kano ba. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga kuma matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha, masana'antu da dama suka rufe. A daidai lokacin da waɗancan ƙofofi suke rufuwa, jami'o'i sai ƙaruwa suke yi. Saboda haka da yawanmu, idan Allah ya kai mu ƙarshen karatu, a ofisoshin jami'o'i za mu nemi aiki, kuma ba lalle ne a Kano ba.

Su wane ne ma'aikatan mulki?

Ɗalibi ya fi sanin malamin da ke koyar da shi. Amma kafin ya ga fuskar malami, takardunsa sun riga sun bi ta hannun mutane da yawa, haka kuma bayan ya rabu da malami na ƙarshe, a hannun waɗannan mutane sunansa zai zauna. Shugabansu shi ne Magatakardan Jami'a, wanda shi ne sakataren Majalisar Gudanarwa da ta Dattijai. A ƙarƙashinsa akwai sashen ɗaukar ɗalibai, da na jarrabawa da adana sakamako, da na harkokin ma'aikata, sa'an nan kowace tsangaya tana da jami'inta. Gefe guda kuma ga ofishin Ma'aji mai kula da kuɗi. Mutumin da ya gama digiri shekara 30 da suka wuce, in ya dawo yau neman takardar sakamakonsa, wataƙila malamansa duka sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. Abin da zai tsaya masa shaida shi ne fayil ɗin da wani akawu ya adana, da hatimin da wani jami'i zai buga. Darajar digirin da muke wahala a kansa ta rataya ne a kan amanar waɗannan mutane.

Jami'a ma takan yi ƙaura

Ƙaura ba baƙon abu ba ce a wannan aiki. Ku dubi tarihin Jami'ar Bayero. A 1960 aka buɗe ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a cikin Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birni. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero. A 1964 ta koma tsohon otal ɗin filin jirgin sama, inda ta ɗauki ɗalibanta na farko na digiri, su 10. A 1968, ana cikin yaƙin basasa, ta tashi daga can ta koma wurin da muke kira tsohuwar jami'a yanzu, daura da ƙofofin Kabuga da Dukawuya. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, Dakta Mahmud Tukur yana shugabanta, kana a shekarun 1980 ta soma komawa sabon mazauninta na Rimin Gata a kan hanyar Gwarzo. Littattafan tarihi sukan kawo sunayen shugabanni da shekarun da aka tashi. Amma a kowace ƙaura daga cikin waɗannan, dole wani ya ɗaure fayiloli, ya ƙidaya su, ya bi su cikin mota, ya sake jera su a sabon ɗaki, har ba a rasa sunan ɗalibi ko ɗaya ba.

Haka kuma duk sa'ad da aka kafa sabuwar jami'a, ba a samun ƙwararrun ma'aikata a tsince a garin, sai an ɗebo su daga wani wuri. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta shirya sababbin jami'o'i 7, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kano. A 2011 aka ƙara 9, ciki har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, sa'an nan a 2013 aka buɗe na Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar ta Wudil a 2001. Kowace ɗaya daga cikinsu ta tayar da magidanta daga inda suka saba ta kai su inda ba su san kowa ba. Waɗanda suka ga yadda ma'aikata suka kwashe daga Kano zuwa Dutse bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 sun san abin da nake nufi.

Watannin farko

To, mene ne baƙon ma'aikaci yake tararwa? A da, takardar kama aiki takan zo tare da makullin gida a kwatas. Yau gidajen jami'a ba su isa ko kusa ba, ga layi mai tsawo. Tun a 2003 kuma gwamnati ta mayar da yawancin alfarmomin ma'aikata, irin su gida da mota, zuwa kuɗi a cikin albashi. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi alawus na masauki na kwana 28 na farko ga wanda aka ɗauka ko aka yi wa canjin wurin aiki, amma sau da yawa kuɗin yakan fito ne bayan buƙatarsa ta wuce. Albashin farko shi ma sai an tantance takardu, an buɗe fayil, an shigar da suna, abin da kan ɗauki watanni. Mai gidan haya kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, yara suna buƙatar makaranta, kullum safiya kuma sai an biya kuɗin mota.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan lacca shi ne: a cikin waɗannan watanni na farko, tsakanin ranar da mutum ya sauka da ranar da ya karɓi albashinsa na fari, a nan ne ake jinginar da amanar ofis, tun kafin mai ofishin ya san ya jinginar. Bari in ba ku labarin kawuna.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekaru yana aikin akawu a wata makaranta a ƙasar Katsina, yana karatun digiri a hankali har ya gama. Ina aji biyu na babbar sakandare ya sami aikin jami'in mulki a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar nan. Suna da yawa, ba sai na faɗi wacce ba. Ya sauka tashar Na'ibawa da akwati guda da jakar takardu, ya bar iyalinsa a gida. Mako biyu ya yi a ɗakin zaurenmu, muna kwana tare. Amma kun san al'ada, mutum da girmansa ba ya son daɗewa a gidan mijin yayarsa. Sai ya shiga neman wurin kansa.

Dillali ya kai shi wurin wani Alhaji mai sana'ar katako, wanda yake da gidan haya ciki biyu da falo. Da aka faɗi kuɗin shekara, Kawu ya ce ba shi da su, sai albashi ya fito. Alhaji ya tambaye shi inda yake aiki. Da ya ji, sai fuskarsa ta sake, ya ce, "Haba Malam, ai ku ne manyanmu. Ga makulli, duk ran da hali ya samu ka kawo." Bai tsaya nan ba, har katifa da buhun shinkafa ya aiko. Kawu ya dawo yana ta sa wa mutanen Kano albarka. Mahaifina ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce masa, "Madalla. Amma da ka nemi a rubuta." Kawu ya ce ai rubutu zai zama kamar rashin yarda ne ga mutumin da ya yi masa karamci.

Albashi bai fito ba sai a wata na huɗu, kuma da ya fito, basussukan abinci da na mota suka cinye rabinsa. Kawu ya kai wa Alhaji abin da ya samu, Alhaji ya ƙi karɓa, ya ce a bari sai ya cika. Ana nan sai lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo. Wata rana bayan sallar isha'i, Alhaji ya yi sallama da Kawu, ga wani saurayi a bayansa riƙe da ambulan. Ya ce, "Malam, ga ɗanka. Likita yake so ya zama. Na bar maka shi." Kawu ya buɗe takardun a hasken fitila, ya ga makin yaron bai kai na wannan fanni ba, kuma ba shi da sakamako mai kyau a ɗaya daga cikin darussan kimiyya da ake bukata.

A nan ya kamata in yi bayani, domin mutanenmu da yawa suna zaton duk wanda ke zaune a ofishin Magatakarda gurabe ne cike da aljihunsa. Tun 1978 hukumar JAMB ke shirya jarrabawar shiga jami'a, kuma daga 2017 ta fito da tsarin da ya sa sai ta amince da kowane suna ta kwamfuta kafin ɗauka ta tabbata. A jami'o'in Tarayya an kasa gurabe: kashi 45 cikin 100 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmi. Ƙaramin jami'i ba shi da ikon ba kowa gurbi. Abin da kawai hannunsa zai iya kaiwa shi ne ɓarna, watau ya sauya lamba, ko ya cusa takardar da ba ta gaskiya ba a fayil, ko ya je ya durƙusa wa wani babba, shi ma ya ɗauko wani sabon bashin.

Kawu ya yi kwana uku bai ba da amsa ba. Na san bai yi barcin kirki ba, domin a daren na biyu ya zo gidanmu suka daɗe a zaure da mahaifina. Na ji yana cewa, "Yaya, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ci." Mahaifina ya ce masa, "To, mayar da ladan." Washegari ya sayar da babur ɗin da ya zo da shi daga gida, mahaifiyata ta ƙara masa daga adashinta, ya haɗa kuɗin shekara cif, har da kuɗin katifa da na shinkafa. Ya kai wa Alhaji a gaban shaidu biyu, ya yi godiya, sa'an nan ya gaya masa gaskiya: yaron ba zai sami wannan fanni da waɗannan takardu ba, amma idan ya sake rubuta darasin da ya faɗi, ya kuma sake jarrabawar shiga, shi zai zauna da shi ya nuna masa yadda ake cike komai daidai.

Alhaji ya karɓi kuɗinsa, bai ce uffan ba. Da shekara ta cika ya aiko cewa yana bukatar gidansa. Labari ya bazu a layin cewa baƙon nan butulu ne, an yi masa rana ya yi dare. Kawu ya koma wani gida da ya fi ƙanƙanta, ya yi wajen shekara biyu yana hawan a-daidaita-sahu sau biyu kafin ya isa ofis. Har yau idan sun haɗu da Alhaji a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, gaisuwar ba ta wuce ta hannu. Ban kawo wannan labari don in ce Alhaji mugun mutum ne ba. Da gaske ya taimaki baƙo, kuma a ganinsa abin da ya nema hakkinsa ne.

Fatoma da ofis

Daga ina wannan ganin ya samo asali? Mu Hausawa mun daɗe da tsarin saukar baƙi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, in sun isa Salaga, a gidan fatoma suke sauka. Shi zai ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu idan an yi ciniki bashi. Ba ya karɓar kuɗin kwana, amma yana da la'ada a cinikin da aka yi ta hannunsa. Haka abin yake a zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan, haka yake a nan Kano, inda Fagge ta zama masaukin baƙi, kuma har yanzu za ku ga irinsa a kasuwar 'Yan Lemo da ke kusa da mu. Tsari ne mai kyau, shi ya ɗauki kasuwancinmu ɗaruruwan shekaru, domin da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai akwai bambanci guda. Falke da kayansa yake zuwa, in ya ba fatoma la'ada, daga dukiyarsa ya bayar. Ma'aikacin jami'a kuwa abin da ke hannunsa ba nasa ba ne. Gurbin karatu na yaron da ya ci jarrabawa ne, wanda wataƙila yana wani ƙauye a Sumaila ko Gwarzo, ubansa bai san kowa a jami'a ba. Idan aka biya kuɗin haya da wannan gurbi, da dukiyar wancan yaro aka biya, kuma ba zai taɓa sanin dalilin da ya sa sunansa bai fito ba. Ɗan gari yana da gidan ubansa da dangin da za su riƙe shi kafin albashi ya zo. Baƙo ba shi da su, shi ya sa ya fi saurin faɗawa wannan rami.

Abin da ya kamata a yi

Ga ɗan'uwana da zai kama aiki a wani gari, ina ba da shawara kamar haka. Kada ka tashi sai da guzurin da zai riƙe ka wata uku ko huɗu, ko da za ka jinkirta ɗauko iyali. Ka kama gidan da ya yi daidai da matakin albashinka, ko da ɗaki ɗaya ne. Duk abin da ka karɓa bashi, a rubuta shi, a sa masa ranar biya, domin bashin da aka rubuta da kuɗi ake biyansa, wanda ba a rubuta ba kuwa mai shi ne zai zaɓi abin da za a biya shi da shi. In dole sai ka ci bashi, ka fara neman ƙungiyar adashi da lamuni ta ma'aikatan wurin aikinka, ko danginka. Tun ranar farko ka gaya wa maƙwabta iyakar ikonka, kada daɗin girmamawa ya sa ka bar su suna zaton kai ne Magatakarda. Sa'an nan kada tsoron bashi ya sa ka rufe ƙofarka. Ka gai da mai unguwa, ka halarci suna da ta'aziyya, ka taimaki yaran layinku da abin da yake halal ne ka bayar, watau sani: wane darasi ake bukata a wane fanni, yaushe ake rufe rajista, yaya ake gyara kuskuren suna. Wannan ilmi yana da tsada a wurin talaka, kuma ba ya rage hakkin kowa. A ofis kuma ka girmama tsofaffin masinjoji da akawuna, ko da ka fi su takarda, domin su suka san inda kowane fayil yake kwana.

Ga hukumomin jami'o'i, roƙonmu shi ne su gane cewa jinkirin albashin sabon ma'aikaci ba ƙaramin lamari ba ne. Jami'ar da ta bar jami'inta wata huɗu yana cin abinci bashi, ita da kanta ta miƙa hatiminta ga duk wanda ya ciyar da shi. A biya alawus na masauki a makon farko, a tanadi ɗakunan saukar sababbin ma'aikata ko da na wata uku ne, a kuma ba da rancen kuɗin haya da za a riƙa cirewa daga albashi. Ƙungiyoyin ma'aikata, SSANU da NASU, ya kamata su sa wannan a cikin abubuwan da suke nema, kamar yadda suke neman ƙarin albashi.

Daga ƙarshe, mu mutanen gari. Na'ibawa ƙofar Kano ce ga duk wanda ya fito ta hanyar Zariya, kullum muna karɓar baƙi, kuma an san mu da karamci. Mu ci gaba da yi, amma mu bar wa Allah ladan. Mu ɗalibai kuma mu tambayi kanmu: sau nawa muka ce wa iyayenmu su je su ga wane, tun da yana aiki a jami'a? Sau nawa muka kira ma'aikaci mugu don ya ƙi taɓa mana sakamako? Nan da shekara kaɗan mu ne za mu sauka a tashar Gusau ko Gashuwa da akwati guda, wani Alhaji ya miƙo mana makulli. Ina fatan a ranar za mu tuna mu ce a kawo takarda da alƙalami.

Malam Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika. A shirye nake in amsa tambayoyi gwargwadon sanina. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.